Kundi, Thesis ko PDF? Sunan da ake ba kayan rumbun laburare

Duk wanda ya buɗe rumbun ajiya na intanet na wata jami'a ko cibiyar bincike, ya leƙa akwatin tacewa da ke gefen shafi, zai iya cin karo da jeri irin wannan: Thesis, thesis, Theses, Dissertation, M.A. Thesis, Project, PDF, Kundi. Suna takwas, alhali kusan abu ɗaya ake nufi. Ɗalibar da ta taso daga Gwale ko Tarauni tana neman kundayen digiri na biyu a kan waƙar baka za ta latsa ɗaya daga ciki, ta ga guda goma sha biyu, ta tafi da zaton iyakarsu ke nan, alhali sauran suna kwance ƙarƙashin sunaye bakwai da ba ta taɓa ba. Kwamfuta ba ta san cewa Thesis da Theses 'yan gida ɗaya ba ne. Abin da aka rubuta mata shi take ƙirgawa, harafi bayan harafi.

Tushen rikicin shi ne ana cusa amsar tambayoyi huɗu a gurbi guda na katin da ke ɗauke da bayanin kowane abu. Ta farko, wane jinsin abu ne wannan: rubutu ne, sauti ne, hoto ne, ko bidiyo? Ta biyu, wane nau'in aiki ne: kundin digiri, maƙalar mujalla, wasiƙa, tatsuniya, huɗuba? Ta uku, a wace siga fayil ɗin yake? Ta huɗu, a kan me yake magana? Ɗan kasuwar Kantin Kwari ba ya haɗa irin waɗannan. Idan ka tambaye shi irin kaya zai ce maka atamfa ko shadda ko leshi, idan ka tambayi adadi ya ce turmi kaza ko yadi kaza, launi kuma maganarsa daban. Wanda aka tambaya irin kaya ya amsa da “turmi” ai bai amsa ba. To haka yake ga wanda ya rubuta PDF a gurbin jinsi.

Tsarin Dublin Core na rubuta bayanan kayan rumbu, wanda aka fara tsarawa a wani taro a garin Dublin na jihar Ohayo ta Amurka a 1995, yana da gurabe 15, kuma ya riga ya ware wa uku daga cikin tambayoyin nan wurinsu: dc.type don jinsi, dc.format don sigar fayil, dc.subject don maudu'i. Nau'i ne bai samu ɗakinsa na kansa ba, ana sa ran zai raɓa a dc.type, kuma daga nan ne yawancin cakuɗar take farawa. Tsarin MODS, wani tsarin bayanai makamancinsa, ya fi kyautatawa a wannan fanni, domin ya raba typeOfResource da genre. Masu kataloji da MARC, tsarin da laburare suka saba da shi, su ma sun san gurbi na 655, wanda aka keɓe wa nau'i, daban da 650 na maudu'i. Amma galibin rumbunan da ake kafawa a ƙasar nan a kan DSpace suke, manhajar da jami'ar MIT da kamfanin HP suka fitar a 2002, ita kuwa da Dublin Core take zuwa. Saboda haka rabon da tsarin bai yi maka ba, kai za ka yi da hannunka: ka bar dc.type ga jerin da duniya ta sani, ka buɗe wani gurbi na gida, a ce local.genre, don nau'o'in da suka shafi kayanka.

Jerin jinsi na hukumar Dublin Core gajere ne, kalmomi 12 kacal: Collection, Dataset, Event, Image, InteractiveResource, MovingImage, PhysicalObject, Service, Software, Sound, StillImage, Text. Abu biyu ake yawan kuskurewa a cikinsa. Na farko, Image uwa ce ga StillImage da MovingImage, don haka idan ka san hoto ne marar motsi, ka sa StillImage ka huta. Idan wasu katunan suna ɗauke da uwa wasu suna ɗauke da 'ya, ka raba hotunanka gida biyu ba dalili. Na biyu ya fi shafar mu a Kano. Takardar da aka ɗauki hotonta ko aka yi mata sikanin ba ta koma hoto ba. Bayanin jerin da kansa ya faɗi cewa hoton rubutu rubutu ne. Wasiƙar da wani hakimi ya aika fada, aka ɗauke ta da kyamara aka adana a sigar TIFF, jinsinta Text ne, sigarta image/tiff. Idan aka sa mata StillImage, ta faɗa cikin hotunan hawan Sallah da na ganuwa, mai neman wasiƙu kuma ba zai bi ta can ba.

Sai dai Text kaɗai ba ta ƙosar da rumbun jami'a, domin kusan komai a cikinsa rubutu ne. A nan jerin COAR yake shigowa, wato na ƙungiyar rumbunan ilimi na kyauta da aka kafa a 2009. Kowace kalma a jerin tana da lambarta ta dindindin: c_6501 maƙalar mujalla, c_5794 takardar taro, c_2f33 littafi, c_3248 babi a cikin littafi, c_7a1f kundin digiri na ɗaya, c_bdcc na biyu, c_db06 na uku, c_0040 rubutun hannu. Amfanin lamba shi ne ba ta da yare. Kana iya nuna wa mai karatu “Kundin digiri na uku” da Hausa, na Masar ya gani da Larabci, na Nijar ya gani da Faransanci, lambar da ke ƙasa kuwa guda ce. Tsofaffin ƙa'idojin OpenAIRE, cibiyar Turai mai tattara bayanan bincike, suna amfani da wani jeri mai farawa da info:eu-repo/semantics, inda ake samun article da masterThesis da doctoralThesis, amma bugu na 4 ya koma kan COAR. Wanda zai fara aiki yau, a ganina, ba shi da dalilin ɗaukar tsohon.

Maganar kundin digiri tana da nata ƙaiƙayin. A Ingila an fi kiran na digiri na uku thesis, na biyu kuma dissertation, a Amurka akasin haka ne, jami'o'inmu kuwa kowace da al'adar da ta gada, wani lokaci ma tsangaya da tsangaya sukan bambanta. Ga kuma project na ɗaliban digiri na ɗaya, da na HND, da na NCE, da na difloma ta gaba da digiri, da kundin da likitoci suke rubutawa don kammala horon ƙwarewa. Idan aka bar ma'aikaci ya kwafi abin da ke bangon kundin, kowane bango da abin da zai ba shi. Mafita ita ce a daina dogara ga kalmar bango, a dubi matakin digirin: na ɗaya, na biyu, na uku. Wanda bai shiga ko ɗaya ba, kamar na HND, ya zauna a ƙarƙashin uwar kalmar, c_46ec. Sunan digirin kansa, M.A. ne ko M.Sc. ko Ph.D., da sashen da ya bayar da shi, su tafi gurabensu. Tsarin ETD-MS na bayanan kundayen digiri ya tanadi thesis.degree.name da level da discipline da grantor don wannan aikin. Da zarar ka ga “M.A. Hausa Thesis” a gurbin jinsi, ka san an zuba abu uku a ƙwarya ɗaya.

Inda jerin ƙasashen waje suke gajiya shi ne kayanmu na gida, kuma nan ne ya kamata a zauna a yi aiki da natsuwa. Laburaren Majalisar Dokokin Amurka yana da jerin nau'o'i da ake kira LCGFT, cibiyar Getty kuma tana da AAT. Duka biyun suna da kalmomi na gaba ɗaya kamar waƙa da karin magana da huɗuba. Amma ba za su raba maka kirari da take ba, ko zambo da habaici, ko waƙar fada da ta noma da ta 'yan dambe, ko bege da wa'azi. Malaman sashen Hausa sun daɗe da yin wannan rabon: adabin baka a gefe guda, rubutaccen adabi a ɗaya gefen, shi kuma ya kasu zuwa zube da waƙa da wasan kwaikwayo. Ba sai ma'aikacin laburare ya ƙirƙiro sabon abu ba. Ya ɗauki rabon da ake koyarwa a aji, ya zauna da malami ɗaya ko biyu su tsayar da kalmomin, sannan ya ɗaura kowace kalma ta gida a kan mafi kusa da ita a jerin duniya. Kirari zai tafi waje da sunan waƙar yabo ko adabin baka, amma a gida yana nan da sunansa.

A ɗauki misalin rubutacciyar waƙar wa'azi ta Hausa da aka rubuta da ajami, warƙa takwas, aka yi mata sikanin. Jinsi: Text, ko c_0040 idan COAR ake bi. Nau'i: rubutacciyar waƙa, sannan waƙar wa'azi, domin gurbin nau'i yana karɓar kalma fiye da ɗaya. Siga: application/pdf. Harshe: ha, ko hau idan lambar haruffa uku aka zaɓa, amma a tsaya kan ɗaya. Ajami fa? Ajami ba nau'i ba ne, ba kuma harshe ba ne, hanyar rubutu ce. Wurinsa shi ne lambar harshe, ha-Arab, wato Hausa da haruffan Larabci, kamar yadda ha-Latn take nufin boko. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga baƙaƙen Larabci a rubuta harshe Larabci, ko a rubuta Ajami a gurbin jinsi. Na farko yana ɓatar da waƙoƙin Hausa da na Fulatanci cikin littattafan fiƙihu, na biyu yana tara wasiƙa da waƙa da takardar gado da lissafin fatake a tuli ɗaya don kawai alƙalami iri ɗaya ya rubuta su.

Yanzu a ce wani malami ya rera waƙar nan aka ɗauka a kaset. Nau'in bai canza ba, har yanzu rubutacciyar waƙa ce ta wa'azi, jinsin ne ya koma Sound. Mutane da yawa sukan ji murya su ce ai waƙar baka ce. A'a. Rerawa ba ta mayar da rubutacciyar waƙa ta baka, kamar yadda juyar da waƙar makaɗin fada zuwa takarda ba ya mayar da ita rubutacciya. Asalin yadda aka tsara ta ake dubawa. Idan kuma ɗalibi ya rubuta kundi yana nazarin waƙar, nau'in aikinsa kundin digiri ne, “waƙar wa'azi” kuma ta koma gurbin maudu'i. Tambayar da take warware wannan a kowane lokaci ita ce: abin nan shi ne, ko a kansa yake magana?

Akwai kuma kayan da suke zuwa a haɗe. Kundin malami guda, a cikin gafaka ɗaya, yana iya ƙunsar ƙasida da fatawa da ijaza da fa'idojin magani. Kaset ɗaya, fuska ta farko tafsirin azumi, ta biyu waƙar bege. Hanya biyu ce: ko a yi kati ɗaya a jera nau'o'in duka, ko a yi wa kowane aiki katinsa a haɗa su da gurbin dangantaka, dc.relation.ispartof. Ta biyu ta fi amfani ga mai bincike, ta fi kuma cin lokaci. Kowace aka zaɓa, a rubuta ta a matsayin doka, kada wannan ma'aikaci ya tsaga kundin Litinin, wancan ya dunƙule na Talata.

Sai haruffa masu lanƙwasa, waɗanda su kaɗai sun isa su tarwatsa jeri mai kyau. Kalma ɗaya tana iya fitowa a matsayin waƙa, waka, wak'a, ko wa}a. Ta ƙarshen nan gadon tsofaffin font ɗin Hausa ne irin su Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka yi wa mutane aiki sosai kafin Unicode, tsarin haruffan kwamfuta na bai ɗaya, ya yaɗu, amma sun ɗora ƙ da ɗ da ɓ a kan maɓallan wasu alamomi. Da an kwafo rubutun zuwa fom ɗin intanet sai } da ] da ~ su bayyana a madadinsu. Har alamar ɗauri ta cikin “wa'azi” iri biyu ce, miƙaƙƙiya da lanƙwasasshiya, kuma Word yakan sauya ta da kansa ba tare da ya tambayi kowa ba. Maganin duk wannan ɗaya ne: kada a bar kowa ya buga jinsi ko nau'i da hannu. A sa jerin zaɓi.

A DSpace ana yin wannan ne a fayil ɗin input-forms.xml idan bugu na 6 ne ko ƙasa, ko submission-forms.xml daga bugu na 7. A ciki akwai jerin common_types, kuma kowace kalma tana da fuska biyu: displayed-value, wadda mai shigar da kaya yake gani, da stored-value, wadda ake ajiyewa. Ta farkon kana iya mayar da ita Hausa yadda kake so. Ta biyun ce ba a taɓawa da garaje, domin wasu sassan manhajar a kanta suka dogara. Fayil ɗin google-metadata.properties, alal misali, yana gane kundin digiri ne ta ganin kalmar Thesis a dc.type, da ita yake fitar da alamomin da Google Scholar, shafin neman ayyukan bincike, yake karantawa. Ka mayar da ita Kundi ba ka gyara can ba, shafin zai ci gaba da buɗewa lafiya lau, ba wanda zai ga alamar matsala, amma kundayen sun daina gabatar da kansu a matsayin kundaye. Haka ma type-bind, wanda yake sa gurbin sunan mujalla ya bayyana idan an zaɓi maƙala kawai, da kalmar da aka ajiye yake aiki. Jerin da manhajar take zuwa da shi ma yana son aski: akwai Animation da Musical Score da rikodin sauti har iri uku, waɗanda rumbuna da yawa ba za su taɓa buƙata ba. Kalma 12 zuwa 20 sun ishi gurbin jinsi. Jeri mai tsawo yana gajiyar da ido, wanda ya gaji kuwa Other yake latsawa.

Ita Other ɗin a bar ta, domin idan babu ita mutane za su tura abu inda bai dace ba, amma a riƙa leƙa ta kowane zangon karatu. Idan ta haura biyu ko uku cikin ɗari na kayan rumbun, akwai kalmar da ta ɓace a jeri. Sau da yawa za a tarar laccocin da farfesoshi suke gabatarwa bayan samun kujera ne, ko jawaban bikin yaye ɗalibai, ko tsofaffin takardun jarrabawa.

Gyaran abin da ya riga ya lalace yana da matakansa, kuma tsallake ɗaya yana da tsada. Da farko a ɗauki kwafin ma'adanar bayanan gaba ɗaya a ajiye a wata na'ura dabam, a kuma tabbatar akwai inbata ko janareto a tsaye kafin a fara, don kada wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki. Sannan a fitar da bayanan tarin da za a gyara a sigar CSV, wato fayil mai layuka da ginshiƙai. Kada a buɗe shi da Excel ta hanyar latsa shi sau biyu, domin yakan karanta shi da tsarin haruffan da ba UTF-8 ba, ƙ da ɗ su dagule, idan aka adana a haka kuma an lalata sunayen marubuta da taken ayyuka gaba ɗaya. LibreOffice yana tambayar tsarin haruffa tun wajen buɗewa, OpenRefine kuma, wanda aka yi shi don gyaran bayanai, ya fi su duka dacewa da wannan aiki, domin yana jero duk kalmomin da ke gurbi da adadin kowace, yana kuma tattaro masu kama da juna ya tambaye ka ko a haɗe su. Kada a amince masa ido rufe. Zai gane Thesis da thesis, ba zai gane cewa Project da Long Essay abu ɗaya ba ne a wani sashen, kuma yana iya kawo shawarar haɗa abin da bai kamata a haɗa ba.

Za a lura gurbin jinsi ya fito a ginshiƙi fiye da ɗaya, wani da alamar en, wani en_US, wani ba alama. Wannan ma rarrabuwa ce, a tattara su a ginshiƙi guda. A goge duk ginshiƙan da ba za a taɓa ba, a bar na id, wato na lambar kati, domin DSpace ba ya taɓa gurbin da ba ya cikin fayil, amma idan ginshiƙin yana nan aka bar ɗakinsa fanko, gogewa zai yi. Inda kati yake da kalma biyu, ana raba su da sanda biyu a tsaye, wato ||. A fara gwadawa da kati goma. Manhajar tana nuna canje-canjen da za ta yi kafin a tabbatar, a karanta su layi-layi. Manyan tari kuma ta umarnin metadata-import ake shigar da su a kan sabar. Bayan an gama, a sake gina fihirisar bincike da index-discovery, a kuma sabunta ta OAI da oai import. Wannan na ƙarshen ake yawan mantawa. Masu girbin bayanai irin su BASE na jami'ar Bilefel ta Jamus da CORE na Ingila ta ƙofar OAI-PMH suke shigowa, idan ba a sabunta ta ba tsofaffin kalmomin za su ci gaba da kwasa, abin da ba su gane ba kuma su jefa shi cikin tarin da ba a san jinsinsa ba.

Duk wannan ba ya ɗorewa sai da takarda ɗaya, shafi biyu ko uku, da aka liƙa kusa da kwamfutar da ake shigar da kaya. Kowace kalma da layinta: yadda ake nuna ta, yadda ake ajiye ta, ma'anarta a jimla ɗaya, misali ɗaya, abin da bai shiga cikinta ba da inda za a kai shi, lambarta a COAR, da ranar da aka ƙara ta. Layin “abin da bai shiga ba” shi ne mafi amfani, domin a bakin iyaka ake yin kuskure: takardar taron da daga baya aka buga a mujalla, maƙala ce ko takardar taro? Wasan kwaikwayon rediyo, da rubutunsa da sautinsa, kati ɗaya ne ko biyu? A kuma yanke tun farko ko tilo za a riƙa amfani da shi ko jam'i, tatsuniya ko tatsuniyoyi. LCGFT ya fi karkata ga jam'i, amma a Hausa tilo ya fi sauƙi, saboda kalma ɗaya takan yi jam'i biyu ko uku, kowa da wanda bakinsa ya saba.

Yawancin masu shigar da kaya a rumbunanmu 'yan hidimar ƙasa ne da ɗaliban da suka zo sanin makamar aiki, shekara ɗaya ko wata shida sun tafi, wasu sun zo. Saboda haka ikon ƙara kalma a jeri ya tsaya a hannun ma'aikaci ɗaya na dindindin da mataimakinsa. Wanda ya ci karo da abin da bai san inda zai sa ba, ya zaɓi Other, ya rubuta lambar katin a littafin da aka ajiye don haka, a duba a ƙarshen wata. Idan iri ɗaya ya maimaitu sau biyar ko fiye, a ba shi kalmarsa, a ƙara ta a takardar da kwanan wata, a koma a gyara katunan baya a ranar.